Izinin Wanda Ba Zai Tuna Ya Bayar Ba

A cikin aikin lafiya akwai wata sana'a da ba a cika jin sunanta ba, watau ta masu jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Su ne suke taimakon wanda ciwo ya raunana ya sāke iya sa rigarsa, ya yi wanka, ya haɗa shayinsa da hannunsa. Ƙungiyarsu ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta gindaya sharaɗi cewa ɗalibi ba zai kammala karatu ba sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana neman sanin makamar aiki. Waɗansu ɗaliban akan tura su wurin tsofaffi masu cutar mantuwa, wadda mukan kira gigin tsufa. Ana bukatarsu ƙwarai, gama a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan cuta sun haura miliyan 55, kowace shekara kuma ana samun sababbi kusan miliyan 10.

Amma akwai tambayar da ya kamata ta dami lamirinmu. Ɗalibi koyo ya zo yi. Zai taɓa jikin mutum, ya ga abin da sutura ta rufe, ya yi kurakuran da kowane ɗan koyo yake yi. Mai karaya a ƙafa ana tambayarsa, in ya ƙi shi ke nan. To, tsohuwar da ta ce "to" da safe, kafin tsakar rana ta manta an taɓa tambayarta fa? Wane ne ya ba ɗalibin izini?

Amsar da aka saba ita ce, 'ya'yanta sun sa hannu a takarda. Ba mu raina wannan ba, domin su ne suka san ta, su ne kuma suke kwana a kanta. Sai dai ɗa ba zai iya kyautar da abin da ba nasa ba. Kunyar uwa ta uwa ce. Dokar da aka yi a Ingila a 2005 game da ikon yanke shawara ta kama hanya mai kyau a nan: a ɗauka mutum yana da wannan iko har sai an tabbatar ba shi da shi, a kuma auna kowace shawara ita kaɗai, a lokacin da ake yanke ta. Dattijon da ba zai iya sayar da gidansa ba, sarai yake iya sanin cewa ba ya son baƙuwar fuska a kansa sa'ad da yake wanka.

Akwai amsa ta biyu wadda ba a faɗa da ƙarfi, amma tana yawo a zuciyar duk wanda ya gaji: ai ba za ta tuna ba. Wannan ita ce mafi haɗari, gama ta mai da raunin mutum ya zama lasisin wanda yake kansa. Ga shi ma ba gaskiya ba ce ɗungum. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka nuna wa mutum 17 masu cutar Alzheimer gajerun finafinai, na ban tausayi da na ban dariya. Bayan ɗan lokaci waɗansunsu ba su iya faɗin abin da suka kalla ba, ɗaya ma bai tuna ya yi kallo ba, amma baƙin cikin ko farin cikin yana nan tare da su. Ke nan tsohuwar da aka fizge wa zane da garaje za ta iya yini a ɓace, ba ta san dalili ba, ba ta kuma da wanda za ta kai ƙara. Ko da a ce babu abin da ya rage a ranta, wanda aka zaga yana barci an zage shi.

Tom Kitwood na Jami'ar Bradford, a littafinsa na 1997, ya jera irin waɗannan ƙananan cin mutunci da masu kyakkyawar niyya suke yi: mai da babba yaro, yin magana a kansa kamar ba ya wurin, yi masa sauri fiye da yadda zai iya bi. Ɗalibi ba a aji yake ɗaukar waɗannan halaye ba. A wurin na gaba da shi yake gani, a makon farko.

Saboda haka muna ganin izinin irin wannan mutum ba abu ne da ake karɓa sau ɗaya a ajiye a fayil ba. Kullum ake nemansa, kamar sallama. Ɗalibin ya faɗi sunansa yau ko da ya faɗa jiya, ya ce shi mai koyo ne, ya nuna soso da tawul kafin ya taɓa hannu. Sa'an nan ya saurari amsar da ba lalle ta fito ta baki ba: kafaɗar da ta maƙale, fuskar da aka kawar, hannun da ya damƙe wuyan riga. Waɗannan duka "a'a" ne, sai ya janye ya dawo daga baya. Wata masaniyar aikin jinya a Birtaniya, Jan Dewing, ta tsara irin wannan hanya domin masu bincike a 2007, mu kuwa ba mu ga dalilin da zai sa a sassauta wa masu koyo ba.

Wani zai ce, in haka ne awoyin ba za su cika ba, gobe kuma babu gwanin da zai kula da mu. Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ce za a yi jinkiri. Amma kada mu fake da cewa ai don amfaninta ne. A Holan, binciken Maud Graff na 2006 ya nuna ziyara 10 a gida cikin mako 5 ta inganta ayyukan masu cutar, ta kuma ƙarfafa masu kula da su. Da aka gwada irin shirin a Birtaniya, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna irin wannan bambanci ba. In aikin ƙwararru ma ribarsa ba tabbas ba ce a ko'ina, ina ga na ɗan koyo? Wanda ribarsa ta tabbata shi ne ɗalibin, gama zai fita da takardar shaida. Tsohuwar ce take ba da rance.

Biyan wannan rance yana yiwuwa, ranar tafiya kuma ake ganinsa. Bayan 'yan makonni ɗalibin zai koma makaranta, ita kuwa za ta ji wani gurbi da ba ta san sunansa ba. Wajibi ne ya yi mata ban kwana sosai, ko da za ta manta kafin ya kai ƙofa. Wajibi ne kuma malaminsa ya ƙi sa masa hannu sai ya rubuta wa mai zuwa bayansa abin da ya gano: cewa takan ci abinci da kanta in an rage kwanonin da ke gabanta zuwa ɗaya, cewa madubi yana firgita ta da yamma, cewa ba ta amsa sunan da ke kan fayil sai an kira ta da sunan ɗanta na fari.