Shin ɗan abokin gaba yana da haƙƙi a cikin akushinmu?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, mas'alarmu ta yau ita ce yaron da ubansa ya ɗauki makami a kanmu, sannan yunwa ta kama shi. A ciyar da shi ko a kau da kai? A kan wannan tambaya aka kafa ƙungiyar Save the Children, wato Ceton Yara, a Ingila.

An tsagaita wutar yaƙin duniya na farko ranar 11 ga Nuwamba 1918, amma Ingila da ƙawayenta ba su buɗe hanyoyin ruwa da suka toshe wa Jamus da Ostiriya ba sai cikin 1919. Yunwa ta yi ta cin ƙananan yara a Balin da Biyana. Sai wata mace, Eglantyne Jebb, da ƙanwarta Dorothy Buxton suka tashi. Jebb ta raba takardu masu hotunan yaran a dandalin Trafalgar na Landan, aka kama ta, kotu ta ci ta tarar fam 5. Ranar 19 ga Mayu 1919 suka kafa ƙungiyar, wasu mutanen ƙasarsu suna zarginsu da ciyar da maƙiya. Da yunwa ta faɗa wa Rasha a 1921, suka buɗe wuraren dafa abinci a yankin Saratof, aka sake zarginsu da taimakon mulkin kwaminisanci.

Masu zargin suna da hujjoji biyu, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko: namu marayun ba su ƙoshi ba, yaya za a kai hatsi waje? Haƙiƙa malaman fiƙihu sun gabatar da na kusa wajen ciyarwa. Amma gabatarwa tana nuna wanda za a fara da shi ne kawai, ba ta haramta wa na nesa abin da ya saura. Ta biyu: yaron zai girma ya yaƙe mu. Wannan hukunci ne a kan laifin da ba a aikata ba, kuma kutse ne cikin gaibu. Shari'a ba ta ɗora wa yaro takalifi kafin balaga, ba ta kama ɗa da laifin uba, ta kuma hana kashe yara ko a fagen fama. Wanda aka hana shi kashe yaro da takobi, ina ya samo izinin kashe shi da yunwa?

Jebb ba ta tsaya ga tukunya ba. A 1923 ta rubuta haƙƙoƙin yaro cikin sharuɗɗa 5, Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta karɓe su a Janeba a 1924, kuma daga wannan tushe yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta tsiro. Hikimarta a nan ita ce mai da tausayi ya zama haƙƙi, domin tausayi yakan huce, haƙƙi kuwa bashi ne da ake bin mutum ko zuciyarsa ta bushe.

Ƙungiyar ta fara aiki a Nijar a 2005, shekarar da ƙarancin cimaka ya tsananta a jahohin Maraɗi da Damagaram. A ranar, yaranmu ne na nesa, kuma ba a tambaye su ɗan wane ba kafin a auna su a ba su magani.

To, ga ma'aunin a hannunmu. Fitinun wannan zamani sun bar mana marayun waɗanda aka kashe, da ƴaƴan waɗanda suka yi kisan. Idan ɗayansu ya tsaya ƙofar gida da ƙoƙo, kada mu nemi sunan ubansa kafin mu zuba masa.

Allah Ya tausasa zukatanmu ga raunana, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.