Dutsen da Lahadi ta Dafa

'Yan'uwana masu neman halal da guminsu, ku dubi wannan lamba: 147,573,952,589,676,412,927. Alƙaluma 21 ne a jere. Ana samunta ne in aka ɗauki 2 aka yi ta ninkawa har biyu-biyun suka kai 67, sannan aka cire 1. Biyu ba ta raba ta daidai, uku ma haka, biyar ma haka.

A 1644 wani malamin coci ɗan Faransa, Marin Mersenne, ya sa ta cikin lambobi gagara-rabo, wato waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 ko su kansu, irin su 7, 13 da 31. Maganar babban malami ce, aka zauna a kanta fiye da shekara 200. Sai a 1876 Edouard Lucas ya tabbatar da cewa tana rabuwa, amma bai gano lambobin da ke raba ta ba.

Wanda ya gano su shi ne Frank Nelson Cole, malamin lissafi a Jami'ar Columbia da ke Amurka. A Oktoban 1903, a taron masana lissafi a birnin New York, ya tashi ya ɗauki alli bai ce uffan ba. A gefe ɗaya na allo ya lissafa lambar har ta fito cif. A ɗaya gefen ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya duƙufa da hannu, layi bayan layi. Amsoshin biyu suka zo daidai, ba ragi ba ƙari. Ya koma kujerarsa, zauren ya ɓarke da tafi. Waɗannan lambobi biyu kuwa kowacensu gagara-rabo ce, su kaɗai suka haifi wannan gingimemiya.

An ruwaito cewa ranakun Lahadi na shekara uku aikin ya ci masa. Ba kwamfuta, ba na'ura. Yana da aikin koyarwa da ke jiransa duk mako, sai ya riƙa gutsurar wannan lissafi a ranar hutunsa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

To kai tela da ke son koyon sabon ɗinki, ke malamar firamare da ke karatun ƙarin digiri bayan kin sallami yara, kai bakanike da ke tara kuɗin buɗe garejinka: kada girman abin ya karya muku gwiwa. Wanda ya ce ba zai yiwu ba, ko da babba ne, yana iya kuskure. Ku ware lokaci ɗaya a mako, ku riƙe shi kamar amana, ku yi abin da ya samu, ku dawo mako mai zuwa. Ba sai kun yi ta shela ba, aikinku zai yi magana da bakinsa.

Ku fara a wannan makon. Allah Ya sa albarka a guminku.