Alhakin Cutar da Ido Ba Ya Gani: Tururin Fetur a Wurin Lodin Tanka

Tankar da ta sauke fetur ta koma daffo ba fanko take komawa ba, domin cikinta cike yake da tururin man da ta ɗauko, kuma idan sabon mai ya fara shiga ta ƙasa, dole wannan tururi ya nemi hanyar fita. A da sakinsa ake yi ya bi iska, har aka fahimci cewa ya fi iska nauyi, yana kwantawa a ƙasa ya bi kwata da ramuka, yana kama wuta idan yawansa a cikin iska ya kai tsakanin kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari, sannan yana ɗauke da sinadarin benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Saboda haka aka ƙirƙiro tsarin mayar da tururi, wato a haɗa tiyo na biyu a jikin tanka wanda zai kai tururin ga wata na'ura mai gawayi na musamman da ke tsotse shi a mayar da shi mai, ko kuma a ƙone shi a killataccen wuri. Tarayyar Turai ta wajabta wannan a 1994, a Amurka kuma doka ta hana matsin cikin tanka ya wuce faskal 4,500 lokacin lodi.

Matsala tana tasowa ne idan matsin ya hau, famfo ya tsaya, alhali layin motoci yana jira. Dalilan sanannu ne ga masu aikin: ko mai ya taru a cikin bututun tururi ya toshe shi, ko bawul ɗin da ke saman ɗaya daga cikin ɗakunan tankar ya ƙi buɗewa saboda iskar da ke tura shi tana yoyo, ko tiyo ya lanƙwashe, ko ragar da ke hana wuta bin bututu ta cushe a ɓangaren daffo. Gano wanne ne daga ciki yana cin lokaci, a gwada wata mota a wannan famfo, a gwada wannan mota a wani famfo, har a san a gefen wa laifin yake. Akwai kuma gajeriyar hanya, wato a ɗan sassauta murfin sama ko a tsallake makullin tsaro, nan take matsi ya sauka, lodi ya ci gaba, kuma a mafi yawan ranaku babu abin da zai faru.

A nan tambayar take: wane alhaki ne a kan mutumin da ya saki cutar da ba ta da siffa, ba ta da wanda zai kai ƙara, ta watsu a huhun mutane da yawa kaɗan-kaɗan? Malaman fiƙihu sun tsara babin lamuni, wato wajabcin biyan ɓarna, a kan ɓarnar da ake iya nunawa da yatsa. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya ambaci sabubban lamuni uku a littafinsa Alfuruƙ: lalata abu kai tsaye, zama sanadin lalacewarsa, da ɗora hannu a kan abin wani. Duk ukun suna bukatar abin da ya lalace da mai shi. Tururin da ya tashi bai bar gawa ba, bai bar toka ba, don haka alƙali ba shi da abin hukuntawa. Sai dai rashin hukuncin alƙali bai taɓa zama daidai da rashin zunubi ba, tun da ƙa'idar gusar da cuta, wadda malamai suka lissafa cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu, ba ta sharɗanta a san sunan wanda aka cutar ba.

Abin da ya canza lamarin a wannan zamani shi ne awo. Mutumin da ya yi lodi kafin a san illar benzin yana da uzurin jahilci, amma wanda na'ura ta tsayar masa da famfo an riga an sanar da shi, kuma kashe gargaɗin ba ya mayar da shi cikin marasa sani. Gobarar daffon Bansfild a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, ta nuna inda sabo da gargaɗi yake kaiwa, ko da yake babban tankin ajiya ne ya tumbatsa a can, ba mota ba: ma'aunin tankin ya maƙale sau 14 a watannin da suka gabata ba a yi masa gyara na dindindin ba, makunnin tsaro na ƙarshe bai yi aiki ba, tururi ya mamaye wurin ya fashe, fiye da mutum 40 suka jikkata.

Saura tambayar wanda nauyin ya fi hawa kansa. Asalin ƙa'ida shi ne idan mai aikatawa da hannu ya haɗu da mai sanadi, ana jingina hukunci ga mai hannu, kamar wanda ya tura mutum rijiya da wanda ya haƙa ta. Bisa wannan, direban da ya sassauta murfi shi ne mai laifi. Amma malamai sun yi togaciya inda sanadi ya rinjayi hannu, irin shaidun zur da alƙali ya yanke hukunci a kan maganarsu, kuma wannan togaciya ta fi kusa da halin da ake ciki a wurin lodi. Mai motar da ya san bawul ɗinsa ya lalace ya ƙi gyarawa, yana kuma biyan direba gwargwadon sawun da ya yi, da shugaban daffon da yake auna ma'aikatansa da yawan motocin da suka fita, su ne suka shirya yanayin da tsayawa bincike ya zama asara ga mafi ƙarancin ƙarfi a cikinsu. Direba bai kuɓuta ba, domin tsoron rasa kuɗin sawu bai kai matsayin tilas da shari'a take ɗauke alhaki saboda shi ba, amma kason wanda yake da ikon gyara ya ƙi, bayan an sanar da shi, ya fi nasa girma.