Kafin Ka Ɗauki Adda

Karatu: Farawa 4:1-12 da 1 Sama'ila 25:2-35



Idan ka taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Kandi zuwa Malanville, ka san garin Guéné, inda hanyar Karimama ta rabu. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya. Ga gonakin auduga da masara da dawa, ga kuma kasuwar shanu wadda ake zuwa daga nesa. Dandawa da Fulani da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya, kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Amma a shekarar 2020 a Goungoun, da kuma 2021 a Isséné, ƙauyuka biyu na yankin Guéné, faɗa ya ɓarke tsakanin manoma da makiyaya, har aka yi asarar rayuka. Gona takan sāke tsiro, garke yakan sāke haihuwa, amma waɗanda aka binne ba su komo ba.

Ba mu zo domin mu ce wane ne mai laifi ba. Tambayarmu gare ka ce. Ka tashi da sassafe, ka tarar shanu sun cinye masarar da ka yi wata uku kana wahala a kanta. Ko kuwa ka tarar an sare saniyarka, wadda da nononta kake ciyar da 'ya'yanka. Zuciyarka tana tafasa, adda tana kusa da hannunka. Me za ka yi a wannan lokaci?

Littafi Mai Tsarki ya san wannan sa'a. Kisan kai na farko a duniya ya faru tsakanin manomi da makiyayi, 'yan'uwa kuma, uwa ɗaya uba ɗaya. Kayinu ya yi fushi domin Allah ya karɓi baikon Habila, bai karɓi nasa ba. Amma ka lura da abu ɗaya. Kafin Kayinu ya ɗaga hannu, Allah ya yi magana da shi. Ya tambaye shi dalilin fushinsa, ya faɗakar da shi cewa zunubi yana fakonsa, wajibi ne ya rinjaye shi. Wato tsakanin fushi da kisa akwai ɗan lokaci, a cikin wannan lokaci kuwa Allah yana magana. Kayinu bai saurara ba. Ya kashe ƙanensa, ƙasar da yake nomawa ta daina ba shi amfani, ya zama mai yawo.

Yanzu ka dubi Dawuda. Shi da mutanensa sun tsare garken Nabal a jeji, tumaki 3,000 da awaki 1,000, ba abin da ya ɓata. A lokacin sausayar tumaki Dawuda ya aiki samari goma su roƙi abinci, sai Nabal ya mayar musu da baƙar magana. Nan take Dawuda ya rataya takobi, mutum 400 suka bi shi, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai ba kafin gari ya waye. An zalunce shi, gaskiya ne. Amma dubi abin da fushi ya so ya sa shi yi: ya hallaka gida guda saboda bakin mutum ɗaya.

A kan hanya Abigail, matar Nabal, ta tarye shi da jakuna ɗauke da abinci. Ta roƙe shi kada ya zub da jini, kada wata rana ya hau gadon sarauta da wannan nauyi a zuciyarsa. Dawuda jarumi ne, mutanensa kuma suna kallonsa. Duk da haka ya tsaya, ya saurara, ya yabi Allah wanda ya aiko ta, ya koma. Bayan kwana goma Allah da kansa ya hukunta Nabal.

Kayinu ya ji fushi, Dawuda ma ya ji fushi. An yi wa dukansu biyu gargaɗi. Bambancinsu shi ne, ɗaya ya tsaya ya ji, ɗaya bai tsaya ba. Wannan shi ne kamun kai. Ba rashin jin zafi ba ne, ba tsoro ba ne. Karin Magana 16:32 ta ɗora wanda ya mallaki zuciyarsa a bisa jarumin da ya ci birni da yaƙi.

Wataƙila ka ce, ni haka aka haife ni, mai zafin zuciya ne. Bitrus ma haka yake. A daren da aka kama Yesu ya zaro takobi ya fille kunnen bawan babban firist, sai Ubangiji ya ce ya mayar da takobin kube, ya kuma warkar da mutumin. Wannan Bitrus ɗin ne daga baya ya koya wa masu bi su ƙara kamun kai a kan bangaskiyarsu (2 Bitrus 1:5-6). Me ya sāke shi? Ruhu Mai Tsarki. A Galatiyawa 5:22-23 Manzo Bulus ya lissafta abubuwa tara da Ruhu yake haifarwa a rayuwar mai bi, na ƙarshensu kuwa kamun kai ne. Ba da ƙarfinka za ka same shi ba. Itace ba ya ba da 'ya'ya ranar da aka dasa shi. Wanda yake zama cikin Maganar Allah da addu'a kullum, shi ne zai iya tsayawa ranar da wuta ta tashi.

To, yaya za ka yi in ranar ta zo? Na farko, ka ajiye abin da ke hannunka, ka kira sunan Yesu kafin ka yi taku ɗaya. Na biyu, ka kame bakinka. Baki shi ke yanka wuya. Kada ka tura saƙon murya a WhatsApp a kan abin da ba ka gani da idonka ba, gama saƙo ɗaya yakan tara samari kafin dattawa su ji labari. Na uku, ka nemi hakkinka ta hanyar da ta dace. Kamun kai bai hana ka neman diyya ba. Ka kira shaidu su ga ɓarnar, ka kai ƙara wurin mai gari, da shugabannin makiyaya, da hukuma. Tun shekarar 2019 ƙasar Benin tana da dokar kiwo. Na huɗu, in wani ne ya fusata, kai ka zama Abigail. 'Yar'uwa, wataƙila muryarki ce Allah zai yi amfani da ita ya tsai da mijinki ko ɗanki a bakin ƙofa.

Ka tuna, maƙwabtanka waɗanda ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba suna karanta halinka. Ranar da aka cuce ka, ran nan za su ga ko Almasihu yana mulki a zuciyarka. Shi da aka zage shi bai rama ba, har ya roƙa wa masu gicciye shi gafara. Da na sani ƙeya ce. Ka tsaya tun kana da zarafi.

Addu'a: Ya Uba na Sama, ka san zafin zuciyata. Ka gafarta mini inda na bar fushi ya mallake ni. Ka cika ni da Ruhunka, domin in ji muryarka kafin in ɗaga hannu ko in buɗe baki. Ka ta'azantar da iyalan da suka rasa 'yan'uwansu, ka ba manoma da makiyaya na Guéné zaman lafiya. Cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.