Katunan da Abokina Ya Baje Mini

Wata Asabar da dare, a ɗakin cin abinci na gidan ɗalibai a birnin Tuluz na Faransa, na ci abokina wasa uku a jere. A na ukun ma bai bari an kai ƙarshe ba. Ya kife katunansa a kan tebur, ya dube ni ya ce: "Mutumina, wannan ƙunshin ai don ni kaɗai ka haɗa shi." Na ce to don wa zan haɗa, ba kai ne ka yi wata huɗu kana lallasa ni ba? Muka yi dariya, muka sha shayi, kowa ya nufi ɗakinsa. Amma na daɗe a kwance ina juya maganar. Na ci wasa bisa doka, ban ɓoye kati a hannun riga ba, ban yi ƙarya ba. To me ya sa nake ji kamar na ɗauki abin da ba nawa ba?

Sai na ɗan yi bayanin wasan, don wanda bai san shi ba. Sunansa Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Ya sha bamban da kartar da muka sani, ya kuma sha bamban da dara. A dara kowa na zama da ƴaƴa 12, naka daidai da nawa, abin da ya rage sai kaifin kai. A nan kuwa kowa daga gida yake zuwa da nasa ƙunshin, kati 60 ko fiye, waɗanda ya tsinto da kansa daga cikin dubbai. Ba a yarda ka sa kati iri ɗaya fiye da 4 ba, in ban da katunan fili na yau da kullum, waɗanda su ke ba da ƙarfin da ake buga sauran da shi. Kowa na farawa da makin rai 20 da kati 7 a hannu, yana zaro ɗaya a kowane zagaye. Wanda ransa ya koma sifili an cinye shi. Ke nan rabin faɗan an gama shi tun kafin a zauna, lokacin da kake kai kaɗai a ɗaki kana zaɓe.

Na san akwai masu karatun da da zarar sun ji kati sai caca ta faɗo musu a rai. Suna da ƴar gaskiyarsu, don a dokokin farko na wasan kowa kan fitar da kati ɗaya daga ƙunshinsa, wanda ya ci ya kwashe; daga baya aka yi watsi da wannan. Mu dai ko dala ba mu taɓa ajewa ba. Abin da ke tsakaninmu bai wuce baki ba, kuma abokina Allah ya hore masa baki.

Katunan launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, kowane da halinsa. Abokina ja yake bugawa, irin ƙunshin da ake kira na wuta. Lissafinsa a fili yake. Akwai katin Lightning Bolt, wato aradu, mai cin ƙarfi ɗaya kacal ya zabge maki 3. In ka jefi mutum da irinsa sau 7, ya mutu. Don haka mai wuta ba ya neman dogon zance, so yake ya gama da kai kafin ka gama shimfiɗa kayanka. Maganinsa ma sananne ne ga duk wanda ya daɗe a wasan: ka rage katunan masu tsada, ka sa mayaƙa masu arha da za su tare hanya tun da wuri, ka nemi abin da zai ƙara maka rai, domin duk maki 3 da ka ƙara ka shafe masa kati guda. In ka kai zagaye na bakwai ko na takwas da rai, galibi hannunsa ya bushe, sai abin da ya zaro daga sama.

Da wannan na yi, da babu zancen da zan rubuta. Abin da na yi ya wuce nan. Na koma fari, na sa Circle of Protection: Red guda 4. Kati ne na girke, wato wanda ake ajewa a tebur ya yi ta aiki har ƙarshen wasa, kuma duk lokacin da ka biya ƙarfi ɗaya sai ya shanye bugu ɗaya daga jan kati. Na ƙara da Kor Firewalker guda 4, mayaƙin da jan kati ba ya taɓa shi, wanda kuma ke ba ni makin rai duk sanda wani ya buga ja. Na zauna na yi lissafi: in kana da kwafi 4 cikin 60, damar ka samu aƙalla ɗaya a hannun farko kusan kashi 40 ce cikin 100, da kwafi 8 kuwa ta haura kashi 65. Ƙunshin nan in na kai shi gaban mai shuɗi ko mai kore, katunana huɗu sun zama takarda kawai. Ban damu ba. Mutum ɗaya nake nema.

Bari in fara da kare kaina, don hujjojin ba na banza ba ne. Wasan da kansa ya halatta shiri. A gasa ana ba kowa damar riƙe katunan gefe har 15, ana buga wasa uku a nemi mai cin biyu, kuma bayan na farko kowa na iya musanya katunansa ya shirya wa wanda ke gabansa. Shi kansa katin da'irar yana cikin bugun farko na 1993. Waɗanda suka tsara wasan da gangan suka sa shi, don kada wani launi ya yi sarauta. Ɗan kokawar da ke neman takobi ba ya rufe ido sa'ad da abokin karawarsa ke fage. Yana kallon ƙafar da yake gabatarwa da gefen da yake faɗuwa, ba wanda zai ce ya ci amana. Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi a wurina: sassauta wa aboki raini ne. In na san yadda zan ci ka na ƙi, na maishe ka yaro ke nan, kuma ranar da ka gane, nasarorinka duka sun zube. Abokina da kansa zai fi son a doke shi da gaske a kan a lallaɓa shi.

Na kwana biyu ina jingine da waɗannan hujjoji, sai na lura ba su rufe abin da ke damuna ba. Misalin gasar ma bai zauna daidai ba. A can wasan farko da ƙunshinka na asali kake buga shi, katunan gefen nan 15 dole ka raba su tsakanin dukan abokan karawar da ba ka san su ba, kuma shi ma wancan yana da nasa 15 ɗin da zai rama da su. Abokina ba ya da ko ɗaya. Kuma na san haka.

Yadda aka yi na sani shi ne asalin maganar. Mako biyu kafin wannan Asabar, wata Lahadi, ya shigo ɗakina da ƙunshinsa ya baje shi kaf a kan gado, kati 60, ya ce in duba masa ko filayen sun yi yawa. Muka jera su, muka ƙirga. Shi da bakinsa ya nuna mini cewa ba ya da ko kati ɗaya da zai iya ture abin girke, ya ce ya san ramin yana nan, amma sai kuɗin bursi sun shigo zai toshe shi. Na ce masa ya cire fili ɗaya. Ya yi godiya ya tafi. Ban tashi daga zaman nan da niyyar komai ba, Allah shi ne shaida. Sai dai bayan kwana uku, da ya sake cinye ni yana waƙa a kaina, abin da ya faɗo mini a rai shi ne wancan ramin.

Ina ganin sani iri biyu ne, ko da a baki ɗaya suke. Akwai wanda na samu a fage: cewa ja yake bugawa, cewa yana gaggawa, cewa yakan ƙarar da aradunsa a kan mayaƙana maimakon ya adana. Wannan da shan kashi na saye shi, nawa ne halak malak. Akwai kuma wanda aka kawo mini har ɗaki don an ɗauke ni mai ba da shawara. A ranar Lahadin nan ba abokin karawa ya zo gani ba, ɗan'uwa ya zo gani, kuma da ya san wanda zai zauna gabansa ranar Asabar ne ke ƙirga masa kati, da bai buɗe ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kullum na ɗauka habaici ne ga munafukai. Ban taɓa kawowa ni ne ɗan garin ba.

Wani zai ce ai raunin ja a gaban katunan girke ba sirri ba ne, duk mai wasa ya sani. Haka ne. Amma sanin cewa ja yana da rauni daban, sanin cewa wannan mutumin, a wannan watan, ba ya da mafita ko ɗaya kuma ba ya da kuɗin nemanta daban. Na farkon zai sa in sa kati biyu in gwada. Na biyun ne ya ba ni ƙarfin halin sa takwas, ba tare da fargabar komai ba.

Mu da muka tashi cikin wasan dangi mun san wannan iyaka ko ba a koya mana ita ba. Bagobiri da Bazabarme, ko Bafulatani da Babarbare, za su haɗu a tasha su yi wa juna tatas, har wanda bai sani ba ya zaci faɗa ne. Al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon bil'adama da sunan Nijar a 2014. Amma abin da ake tsokana da shi na kowa ne, abin da gari duka ya sani. Ranar da abokin wasanka ya ɗauko maganar da ka gaya masa cikin dare, kana cikin damuwa, ya jefe ka da ita a gaban jama'a, dariya za ta tsaya, ko da kalmomin ba su kai zafin na jiya ba.

Akwai kuma wata asara da ban gani ba sai daga baya, wadda ta shafe ni ni kaina. Bernard Suits, masanin falsafar da ya koyar a jami'ar Waterloo ta Kanada, ya yi bayani a 1978 cewa abin da ke mai da wasa wasa shi ne mutum ya yarda da ransa ya ɗora wa kansa cikas ɗin da ba dole ba, don daɗin ƙetare shi. Mai gudu zai iya ratsa tsakiyar fili ya riga kowa isa, amma ya zaɓi ya zagaya. Ni na ratsa. A wasa na uku na aje da'irar a zagaye na biyu, daga nan ban sake yin tunani ba: ya jefo, in biya ɗaya, ya jefo, in biya ɗaya. Shi yana riƙe da kati biyar da ba su da amfani, ni ina zaune kamar mai karɓar kuɗin ƙofa. Wata huɗu ina shan kashi, amma a kowane wasa akwai lokacin da zuciyata ke bugawa. A daren da na ci, ko sau ɗaya ba ta buga ba.

Inda har yanzu nake da ja shi ne nan: mutum ba ya iya goge abin da ya gani. Ko da na rantse ba zan yi amfani da Lahadin nan ba, tana cikin kaina duk sanda na zauna zaɓen kati. Abota kuwa ba komai ba ce illa tarin irin wannan sanin. Wanda ya fi kowa iya cin ka a kowane wasa shi ne wanda ya fi kusa da kai. In aka ce kada a taɓa shi sam, an ce kada abokai su yi wasa ke nan. Abin da na iya kaiwa gare shi ƙarami ne. Na tambayi kaina ko zan iya faɗa masa kafin mu cakuɗa kati: "Ka ga, ramin nan da ka nuna mini, yau ta nan zan shigo." Da na faɗa, da ya zaɓa. Ko ya ce bismilla, ko ya ari kati wurin wani, ko ya ce a bari sai bursi. Masu buga salon Commander na wannan wasa suna da al'adar haka, sukan tattauna ƙarfin ƙunshinsu kafin a fara. Ni ban faɗa ba, kuma ba mantawa na yi ba. Na so in ga fuskarsa lokacin da katin zai sauka.

Ranar Talata na same shi a ɗakin karatu na ce masa abin da na yi, ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Haba mutumina, wasa ne fa." Ya ce ma da shi ne, da haka zai yi. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko sauƙaƙa mini yake yi.

Bursi ta shigo ƙarshen wata. Asabar ɗin da ta biyo na aje da'irata a zagaye na biyu kamar yadda na saba, na jingina. Ya bari raina ya sauko zuwa 9, sannan ya jefo katin da ban san yana da shi ba, Skullcrack, wanda ke zabge maki 3 ya kuma hana ƙarin rai da shanye bugu a dukan wannan zagayen. Ya bi shi da aradu biyu. Ya tashi tsaye ya yi rawa a gaban ɗalibai ƴan Senegal da ba su san hawa ba balle sauka. Muka buga har ƙarfe ɗaya na dare, ya ci uku na ci biyu, kuma rabon da in ji daɗin wasa haka an daɗe.

Da muna tattara kaya na ce masa ya kawo ƙunshin gobe in duba masa filayen, tunda ya canza kati. Ya ɗaure shi da roba, ya sa a aljihun riga, ya ce ba komai, ya riga ya ƙirga da kansa.