Albasar Da Mota Ta Bari A Rudu

Duk wanda ya taso daga Tajaye ya gangara Malbaza da Galmi a watan Maris ko Afrilu zai tarar da albasa tsibi-tsibi a bakin titi, manyan motoci suna lodi zuwa Abijan, Akara da Kwatano. Lokacin ne kowa ke cire tasa, shi ya sa lokacin ne ta fi araha. Manomin da bashin taki da na man injin ban-ruwa suka yi wa katutu ba shi da zaɓi, sayarwa zai yi. Mai ɗan ƙarfi kuwa yakan ware wani kaso ya zuba a rudu, ɗakin nan na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. Motocin farko su tafi su bar ta. In Allah ya sa ta kai bayan damina lafiya, kuɗin buhunta kan ninka sau biyu ko uku.

Wannan albasa nake tunawa duk shekara idan takardar naɗe-naɗen daraktocin makarantu ta fito gab da komawa lakwal a watan Oktoba. Ɗauki malamin firamare a wani ƙauye na karkarar Tajaye. Tun da darakta ya yi ritaya shi ke riƙe da makaranta: shi ke cika rajista, shi ke zama da iyayen yara, shi ke bin gida-gida bayan girbi a kawo kara a yi rumfunan azuzuwa. Takarda ta iso, sai ga sunan wani da ya fara aiki bayansa. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ban yarda da masu saurin cewa "ba komai" ba. Ya rasa ɗan kuɗin muƙami, ga kunya, domin a ƙauye labari ba ya ɓuya. Matarsa za ta ji a bakin rijiya, 'yan ajinsa ma sun sani.

A fada, wajen shayi, abokai za su ce, "Mushe, ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya." Sau da yawa gaskiyarsu ce. Babu mai musun cewa jam'iyya da dangantaka da sanayya suna tura wasu gaba. Sai dai ba kullum ba ne. Wani har yanzu ɗan kwantiragi ne, bai samu matirikil, wato lambar cikakken ma'aikacin gwamnati, ba. Wani bai ci jarrabawar ƙwarewar koyarwa ta CAP ba, wanda aka naɗa kuwa ya ci. Wani takarda ɗaya ce ta ɓace a cikin fayil ɗinsa tsakanin Illela da Tawa, shi bai ma sani ba. Mutumin da ya yanke hukunci a fada ba zai taɓa gane wanne ne nasa ba.

Manoman albasa na yankin sun san cewa barin albasa a rudu ba shi ke ruɓar da ita ba. Damshi ne da rauni. Shi ya sa suke yanke mata ruwa kwanaki kafin cira, su bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe, su ware wadda fartanya ta sara. Bayan an zuba ma ba a rufewa a manta. Mai rudu yakan shiga a kai a kai, ya juya, ya shinshina, ya fitar da wadda ta fara lalacewa kafin ta shafi na kusa da ita. Wanda ya yi sakaci yana iya buɗewa ya tarar kusan rabi ta tafi.

Ga ma'aikacin da aka tsallake, makon farko ya fi haɗari. A nan ne ake furta maganar da ba ta komawa ciki, ko a ɗauki murya cikin fushi a tura a WhatsApp, kafin magariba ta kai kunnen sufeton makarantu. Dattijo mai hankali a irin wannan rana abu ɗaya yake cewa: "Ɗana, ka je gida ka kwana tukuna." Bayan makon kuma sai ruɓewar da ba ta da ƙara ta biyo. Mutum ya fara zuwa a makare, ya daina shirya darasi, ya ƙi miƙa wa sabon darakta abin da ya sani, yana jira ya ga ya faɗi. Wannan ne ya fi ba ni tausayi, domin sabon darakta albashinsa na zuwa ko makaranta ta gyaru ko ta lalace. Masu biyan kuɗin fushin su ne yaran da ke zaune a kan tabarma, waɗanda ba su sa hannu a kowace takarda ba. Shi kansa mai fushin, bayan shekara biyu, ya zama daidai mutumin da aka ce bai cancanta ba. Mun ga abin da ya faru a 2017, da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa, dubbai suka rasa aiki. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, amma wanda bai bar iliminsa ya yi tsatsa ba, shi ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙarfin zuciya.

Riƙe aiki da kyau ba ya nufin haɗiye zalunci. Galmi ma ta koya mana haka. A 2009 manoma suka farga cewa wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a rubuta masa sunan albasar Galmi a OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha da ke Yawunde, irin da kakanninsu suka daɗe suna tacewa da hannunsu. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi da hujja da takardu, har kamfanin ya saki sunan. Ma'aikaci ma yana da hanyarsa. Idan zuciya ta huce, ya nemi ganin sufeto, ya yi tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, me ya rage mini, don in gyara?" Ya duba fayil ɗinsa da idonsa. In ya ga an taka ƙa'ida, ya rubuta koke a aika ta hannun shugabanninsa, ya riƙe kwafi, ya sanar da wakilin ƙungiyarsa. In kuma takardar shaida ce ta rage, ya sayi littattafai ya zauna wa jarrabawa.

Ajiya kuma tana da iyaka. Albasa in ta daɗe fiye da kima tsiro take yi, ta yi laushi, kasuwa ta ƙi ta. Wanda aka tsallake sau biyu, sau uku, ya tambaya ba a ba shi dalili ba, bai kamata ya ƙare ƙuruciyarsa yana jiran ƙofa ɗaya ba. Ya nemi canjin wuri, ko ya shiga gasar ƙarin girma, ya tafi da sunansa mai kyau da shaidar iyayen yara.

Ku kuma masu riƙe da alƙalamin naɗi, a Illela ne ko Malbaza ko Ƙonni, ina roƙonku abu ɗaya. Kafin takarda ta fita, ku kira mutumin da ya riƙe muku wurin shekara da shekaru, ku faɗa masa da bakinku, ku gaya masa dalili. Kada ya fara ji daga bakin ɗan acaɓan da ya kawo wasiƙa.