Tsoratarwa ko Gaskiya: Me Za Mu Faɗa wa Ɗan Shekara 13?

Yawancinmu, in za mu ja kunnen yaro kan shaye-shaye, magana ɗaya muke yi: "Ka taɓa ƙwaya, ka haukace." Sai mu nuna masa wani mahaukaci a bakin tasha, mu ɗauka mun sauke nauyi. Niyyarmu mai kyau ce. Amma ya halatta mu yi wa yaro ƙarin gishiri don mu cece shi?

Masu cewa ya halatta suna da hujja. Sashen ƙwaƙwalwa da ke auna sakamakon aiki ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Ga shi abin ya yi yawa: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da UNODC a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗunsu mace ce. In ji su, wanda gidansa ke cin wuta ba ya tsayawa zaɓen kalma.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Gobe yaron zai ga abokinsa ya haɗiyi tramol bai haukace ba, ya ma wuni yana aiki ba gajiya. Daga ranar sauran gargaɗinmu ya zube, mai sayarwa ya zama mai gaskiya a idonsa.

Gaskiyar kuwa ta isa abin tsoro. Mu faɗa masa cewa da farko akwai daɗi, shi ya sa ake kamuwa. Jiki ne ke sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar, har mutum ya riƙa sha don kawai ya iya tashi daga shimfiɗa. Kodin yana rikiɗa ya zama mofin a hanta, in ya yi yawa ya danne numfashi. Tramol mai yawa na jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ko a Suratul Baƙara, da aka yi tambaya kan giya, ba a musanta cewa tana da wani amfani ba. An nuna laifinta ya fi amfaninta girma.

Akwai kuma gaskiyar da ta shafe mu. A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An hana kwalba, amma dalilin da ke sa yarinya ta nemi abin da zai mantar da ita damuwa yana nan a ɗakunanmu. Mu ne muke jin nauyin zama da 'ya'yanmu, musamman na fari. Daga cikinmu ake samun mai ba lebura ƙwaya don ya ƙara ƙwazo, da mai raba wa matasa lokacin zaɓe.

Saboda haka mu zauna da yaron tun kafin wani ya riga mu. Mu fara tambayarsa abin da ya gani a unguwa, mu saurara har ya gama. In ya ce an taɓa miƙa masa, kada mu ɗauko bulala, domin yaron da aka daka kan ya faɗi gaskiya ba zai sake faɗa ba.